Alli Ba Ya Auna Jini: Wa Zai Biya Kuɗin Labo?

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da dama a Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Gesheme sukan cika da guɗa. Yaron da ya ci jarrabawar a sashen kimiyya, wato seri C ko seri D, tun ranar ake soma kiransa likita, ko da kuwa bai taɓa riƙe allura ba. Uba ya sayar da buhunan wake, kawu ma'aikaci ya ciri wani abu daga albashi, a haɗa masa guzuri a sa shi mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita kusan 280, ko kuwa ya yi gabas zuwa Maraɗi. Abin da ba a gaya wa iyayen shi ne, tun farkon karatunsa a tsangayar likitanci zai ci karo da wani darasi mai suna biyofizik, kuma yadda aka koya masa darasin nan shi zai nuna irin likitan da za a maido musu bayan shekara bakwai ko takwas.

Sunan darasin ne kawai ke da ban tsoro. Biyofizik ilimi ne na auna jikin mai rai da ƙa'idodin fizik: yadda jini ke gudu cikin jijiya da ƙarfin da yake tura bangonta, yadda ido ke tattara haske, yadda kunne ke karɓar sauti, da ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai iyalinsa a yi mata eko, ko ma'aikacin da aka ɗauki hoton ƙirjinsa a radiyo, ya riga ya biya kuɗin biyofizik da hannunsa. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, wadda ta yi suna lokacin annobar korona a 2020, haske iri biyu take ratsa naman yatsa da shi, ja da wani wanda ido ba ya gani, sannan ta lissafa yawan iskar da jini ya ɗauka daga yadda ya shanye kowannensu. Ƙa'idar da take aiki da ita ita ce dai ta na'urar awon haske da ake ajiyewa a kan teburin ɗalibai. Ɗalibin da ya taɓa zuba ruwa mai launi a cikin wannan na'ura, ya tsarma shi da hannunsa, ya ga lamba ta sauka daidai da lissafinsa, shi ne ya san inda na'urar yatsa ke faɗin gaskiya da inda take ruɗi, misali idan yatsan ya yi sanyi ko an yi masa baƙin lalle. Wanda ya hardace ƙa'idar daga allo kuwa, duk lambar da ya gani ita zai bi ido rufe.

Ga kuma sikila, wadda babu unguwar da ba ta san ta ba a ƙasar Hausa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa idan aka ratsa sinadarin da ke ba jini launin ja da lantarki, na mai sikila ba ya tafiya kamar na mai lafiya. Wannan bambancin tafiya shi ne tushen awon da ke gaya wa saurayi da budurwa ko su AA ne, ko AS, ko SS, kafin a shafa fatiha. Kayan aikinsa ɗan akwati ne na roba, da na'urar daidaita wuta, da takarda ta musamman, da sinadarai. Ɗalibi zai iya koyonsa cikin yamma guda, in dai an ba shi kayan.

To, yaya ake koyar da waɗannan abubuwa? Duk wanda ya ratsa ajin kimiyya a ƙasar nan ya san amsar. Darasin gwaji da hannu, wanda ɗalibai ke kira tepe, shi ake soma yankewa da zarar kuɗi ya yi ƙaranci ko yajin aiki ya taƙaita shekara. Malam ya zana na'urar a allo, ya sa mata kibiyoyi, ɗaruruwan ɗalibai su kwafa, a yi musu jarrabawa a kan zanen. Inda kayan suke kuwa, sai a ga mutum goma sun kewaye madubin likita guda, biyu sun leƙa, sauran sun rubuta abin da biyun suka ce sun gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma nan ji ne ya kori gani, har ya karɓi shahada.

Abin takaicin shi ne, jami'ar Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci hukumar makamashin hasken rana ta ONERSOL daga 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗuma ruwa da na dafa abinci da rana, sannan ya riƙe jami'ar daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Mutum ne da ya yi imani cewa ilimin da hannu bai taɓa ba, bai zama na ƙasa ba tukuna. Sai dai sunan ya zo ne a daidai lokacin da aljihu ya ƙone. Kuɗin yuraniyom da ya gina Yamai a shekarun 1970 ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, kuma adawa da tsarin ne ya fitar da ɗalibai zuwa gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, inda aka harbe uku daga cikinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da wannan dare ba: duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi kafin gari ya waye, kuma babu abin da ake amfani da shi a labo wanda ba daga waje yake zuwa ba, tun daga kwalbar gwaji har zuwa ƙwan fitilar madubi.

Daga baya jami'o'i suka yawaita. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Tilaberi da Doso, wadda aka fuskantar da ita ga ilimin kwamfuta da sadarwa. Wannan ci gaba ne, ko shakka babu. Amma kasafin kuɗin ilimi mai zurfi yana da ɗabi'a guda da duk ma'aikacin baitulmali ya sani: albashi da kuɗin burs da na abincin ɗalibai su ke soma cinye shi, domin masu su suna da baki. Malami in ba a biya shi ba zai ajiye alli, ɗalibi zai fito titi. Na'ura ba ta yajin aiki kuma ba ta zanga-zanga. In an hana ta haƙƙinta sai ta mutu shiru a cikin ɗaki, a rufe ta da leda.

Akwai masu cewa maganar na'urorin jami'a maganar ƙoshi ce, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Ƙasar da har yanzu dubban yara ke karatu a azuzuwan zana, ƙasar da gobara ta cinye yara kimanin 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai a watan Afrilun 2021, ta sake cinye fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamban wannan shekarar, ina ita ina na'urar miliyoyi? Ga rashin tsaro ya iso har arewacin gundumar Dogondutsi, ga damina da ba ta da tabbas. Wanda ya faɗi haka ya yi gaskiya a kan cewa ajin bulo ya riga komai. Inda ya kuskure shi ne zaton rashin iya awo ba ya kashe talaka.

A tuna da Tibirin Gobir ta jihar Maraɗi, takwarar Tibirin Arewa. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka riƙa shayar da garin ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da kima, nesa da miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Shekaru suka shuɗe, haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa suka lanƙwashe, kafin maganar ta fito fili har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Na'urar da ke auna wannan sinadari ana iya riƙe ta a hannu, kuma lissafin da take aiki da shi, wato ƙa'idar Nernst, shi ne wanda ake koya wa ɗalibin biyofizik idan ana bayyana masa yadda jijiya ke aika saƙo. Ba kuɗin na'urar ne ya gagari ƙasa ba. Abin da aka rasa shi ne yawan mutanen da awo ya zame musu jiki, waɗanda in sun ga haƙoran yaran gari guda sun canza launi, hankalinsu zai tafi ga ruwan kafin ya tafi ga iskoki.

Haka nan sanƙarau na 2015, wanda ya kama mutum fiye da 8,000 ya kashe fiye da 500, mafi yawa a Yamai da jihar Doso. Allurar rigakafin da aka soma yi a 2010 ta karya ƙwayar nau'in A, sai nau'in C ya ɓullo, kuma ido ba ya bambanta su. Sai an ɗebi ruwan gadon baya an kai labo irin na cibiyar CERMES ta Yamai kafin a san wace allura za a nemo. Ga kuma Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Awon tururin ma'adinin da ya fi yin amo a duniya, baƙi ne suka zo suka yi shi: cibiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da ƙungiyar Greenpeace a 2009. Ana yawan ambaton Lugu da Sarauniya da shekarar 1899 a jawaban ƴancin kai, kuma sun cancanta. Sai dai ƙasar da ba ta iya auna ruwan shanta da ƙurar ma'adininta da hannun ƴaƴanta, dole ta karɓi duk lambar da mai na'ura ya ba ta, ko kamfani ne ko mai adawa da kamfani. A 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji a cibiyar yaƙi da cutar ta Yamai da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kuma irin wannan sashe ba ya aiki sai da masanin fizik na asibiti mai lissafa ƙarfin hasken da za a harba wa majinyaci. In ya gaza ciwon ya dawo, in ya zarce nama mai lafiya ya ƙone. Daga ina za a samo irin waɗannan mutane in ba daga teburin tepe ba?

Amma fa akwai wata cuta ta biyu da ta fi rowa haɗari, ita ce son babbar na'ura. Mahukunta, na jiya da na yau, suna ƙaunar abin da za a yanke wa kintinkiri a nuna a talabijin. Ɗan kwangila ma ya fi son na'ura guda ta miliyan 300 a kan ƙanana ɗari, domin babu wanda ya san ainihin farashinta balle ya ƙirga abin da aka ɗora a kai. A 2011 wasu masu bincike na jami'ar Duke a Amurka, Lora Perry da Robert Malkin, suka duba kayan asibiti fiye da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka gano su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwan more aiki kamar wuta. Wato ba tsufa ne ya kashe yawancinsu ba.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane wannan. Babu mai hankalin da ke zuba duk jarinsa a sayen gingimari ya manta da taya, da gazuwal, da bakanike, da albashin direba. Babbar na'urar bincike takan ci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗinta kowace shekara a yarjejeniyar gyara kaɗai. Tana son ɗaki mai sanyi dare da rana a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tana ƙin ƙurar hunturu, kuma ɗaukewar wuta sau ɗaya a tsakiyar aiki na iya ƙona mata abin da sai an aika Turai ko Sin. A watan Agustan 2023, da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasa a lokacin, duk firjin da ba shi da injin wuta ya zama akwati, kuma ba a maido da wutar ba sai a Maris ɗin 2024. Da aka rufe iyakar Benin a wannan shekarar ta 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, sinadarin da ke lalacewa cikin makonni ya riƙa kwana a hanya. Duk wanda zai sa hannu a takardar sayen na'ura, ya kamata a tambaye shi a ina zai samo mata wuta, kuma wane ne ɗan ƙasar da zai buɗe ta in ta tsaya.

Saboda haka tsarin da hankali zai ɗauka shi ne a fara daga ƙasa. Motar alfarma guda irin wadda ake saya wa manyan jami'ai ta haura miliyan 50 na sefa. Da wannan kuɗi za a cika ɗakin tepe da madubai, da na'urorin awon haske, da na wulwula jini, da na ɗaukar bugun zuciya, da akwatunan gwajin sikila, yadda ɗalibai za su zauna biyu-biyu ko uku-uku kowa ya taɓa. A ɗora wa ɗakin allunan hasken rana da batura, wanda shi ne gadon da ya fi dacewa da sunan Abdu Mumuni. Sannan a ɗauki ma'aikacin labo a ba shi matsayi da albashin da zai hana shi gudu zuwa asibitin kuɗi, domin a tsarin aikin gwamnati na ƙasashe irin wannan, mai digirin digirgir ke da kujera, mai sukurdireba kuwa tamkar masinja ake ɗaukarsa, alhali ran na'ura a hannunsa yake.

Duniya ma ta rage wa matalauta wahala a wannan fanni. A 2014 Manu Prakash na jami'ar Stanford ya fito da madubin takarda mai suna Foldscope wanda kayan haɗa shi ba su kai dala guda ta Amurka ba, a 2017 kuma ya fito da na'urar wulwula jini ta takarda da zare, irin wasan da yara ke yi da marfin kwalba. Akwai madubin OpenFlexure da masana daga Ingila da Tanzaniya suka haɓaka, wanda ake iya buga sassansa a gida. Waɗannan ba za su maye gurbin kayan asibiti ba, kuma duk wanda ya ce wa jami'a ta wadatu da madubin takarda ya raina ta. Amfaninsu shi ne a makarantun sakandare, inda yaro zai ga ƙwayar jininsa da idonsa tun kafin ya bar gida.

Manyan na'urori kuwa, ba a ce kada a saya ba. A saya kaɗan, a tara su wuri guda, a buɗe ƙofa ga kowa. Jami'ar Yamai tana da cibiyar IRI mai aiki da sinadaran nukiliya tun shekarun 1980, kuma irin wannan wuri mai tsofaffin ma'aikata shi ya fi cancanta a ƙarfafa a kan kowace jami'a ta nemi nata don gasa. Sharaɗin shi ne ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ya sami makonninsa a rubuce cikin jadawali, kada na'urar ta zama gonar farfesa guda mai makulli a aljihu. Misali na kusa yana Damaturu ta jihar Yobe, inda Dakta Mahmud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ke aiki a jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horo ta BioRTC a 2021, da kayan da aka samo gudummawa daga waje da goyon bayan gwamnatin jihar. Abin koyi a can shi ne an haɗa kayan da horo, ana kiran matasa daga wasu jami'o'i su zo su koya. Yobe ba ta fi Doso zaman lafiya ba.

Saura babbar tambaya, wato aljihun da kuɗin zai fito. Tun 1980, a shirin Legas, ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don kimiyya da bincike, kuma alkawarin ya tsufa a takarda. Maƙwabta sun gwada wata hanya. Bayan yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya na 1992, lokacin da Attahiru Jega, ɗan jihar Kebbi, ke shugabancin ƙungiyarsu, aka kafa dokar 1993 da ta ɗora harajin kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni don ilimi, asusun da ya koma TETFund a 2011. Duk wanda ya shiga jami'ar Sakkwato ko ta Zariya ko ta Kano ya ga sunan asusun a jikin gine-gine. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: rahoton binciken buƙatun jami'o'in Nijeriya na 2012 ya tarar da labo inda ake amfani da risho a maimakon murhun gwaji, bayan kusan shekara ashirin ana karɓar harajin. Siminti ya sha gaban kayan aiki. In Nijar za ta kwaikwayi tsarin, to ta rubuta a cikin dokar kanta kason da ba za a taɓa shi ba sai don sinadarai da gyara da horon ma'aikatan labo.

Kuma akwai inda za a ciro. Tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, kuma bututun ya ratsa ƙasar Tibiri. Manomin Arewa yana noma a gefensa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta riga ta amince da ƙa'idar ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga don ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa, saboda haka keɓe wani kaso don wata manufa ba baƙon abu ba ne a dokar ƙasa. Asusun haɗin kai da aka kafa a Oktoban 2023 ya nuna cewa dala biyu-biyu a kan kiran waya da tikitin mota na iya tara biliyoyi. Ko mutum na goyon bayan yadda aka kashe su ko ba ya yi, hujjar babu hanyar tara kuɗi ta faɗi. Man fetur da yuraniyom ƙarewa suke yi, kuma wanda ya ga yadda arzikin shekarun 1970 ya watse bai kamata ya jira a sake gaya masa ba.

Arewa kuma tana da nata kaso, wanda ba sai ta jira Yamai ba. Yanki ne da ya yi suna wajen ba ƙasa malamai da sojoji da ma'aikata, yana da ƙungiyoyin ƴan asali a Yamai da ƙetare, yana da attajiran da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu. Akwai ma wani abin mamaki a tarihinsa: Dogondutsi ta ƙulla zumunci da garin Orsay na Faransa, wanda ɗaya ne daga cikin manyan garuruwan fizik na Turai, inda iyalan Joliot-Curie suka kafa cibiyar binciken nukiliya a shekarun 1950, aka kuma buɗe cibiyar gashin ciwon daji a 1991. An fi sanin zumuncin da ayyukan ruwa da makewayi da tare zaizayar ƙasa da littattafan yara, kuma daidai ne waɗannan su zo a gaba. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami tun 2023, abin da ya ƙara nuna cewa labon da ya dogara da alherin baƙo kaɗai, ranar da siyasa ta juya zai rufe. Gudummawa in ta zo a karɓa, amma a tambayi littafin na'urar da kayan gyaranta kafin a sauke ta, kada gari ya zama jujin kayan da wasu suka gaji da su.

Abin da ƴan kasuwa da ma'aikatan Arewa za su iya ɗauka a wuyansu shi ne ɗakin gwaji guda mai rai a lisen Dogondutsi, wani kuma a sakandaren Tibiri, ko a gina inda babu ko a raya inda ya mutu. Ba sai an tara kuɗin a kashe a biki ɗaya ba. A yi shi kamar wakafi: shago biyu ko uku a kasuwa waɗanda hayarsu za ta riƙa sayen sinadarai da biyan mai kula da ɗakin kowace shekara. Ɗan kasuwar da ya san hanyar Kano da Dubai da Sin ya fi kowane kwamiti iya gane farashin da aka kumbura, don haka shi ya dace ya zauna a kan takardun saye. Ma'aikacin duwan da na baitulmali ɗan yankin ya san teburin da takarda ke kwana, sai ya bi ta. Kowane wata uku a liƙa lissafi a ƙofar ɗakin: abin da ya shigo, abin da aka saya, na'urar da ta lalace da ranar da aka gyara ta, da yawan awannin tepe da kowane aji ya yi.

Aikin farko ma yana nan yana jira. Rijiyoyin Dallol Mawri ba su da zurfi, ruwan yana kusa da taki da makewayi da maganin feshin masu lambun dankali da albasa. Ɗaliban ajin ƙarshe su ɗebo ruwa daga rijiyoyin Kiyeshe da Kore Mairuwa da Dumega, su auna gishirinsa da sinadaransa a ƙarƙashin idon malaminsu, a aika kaso guda Yamai don a gwada ko awonsu ya yi daidai, sannan a karanta sakamakon a gaban mai gari ranar kasuwa.